Yadda Za Ki Binciki Majinyata Ba Tare da Kin Taɓa Su Ba

Ke ma'aikaciyar jinya da ƙafa ta kumbura don zirga-zirga, matso kusa. Bi matakan nan, na yi miki alkawarin digiri na biyu da ofis mai fanka. Ke da ɗaukar fo kuwa har abada.

1. Sauya wa zamanki suna. Daga yau ba aiki kike yi ba, lura kike yi. In babbar sista ta ce ki juya mara lafiya, ki ce, "Ayya Sista, in na sa hannu ai binciken ya lalace." Vasiti, abokiyar aikinmu a wani ƙaramin asibiti a tsibirin Vanua Levu, ta yi watanni tana cin wannan gajiyar.

2. Riƙe kalmar talanoa gam. Hirar tabarma ce da kakarki ke yi a banza, amma yanzu jami'a ta ce hanyar bincike ce. Wa ya isa ya ce zaman kashe wando kike?

3. Kada ki taɓa ba da amsa. Kome aka faɗa, gyaɗa kai ki ce, "To, ƙara mini bayani." Ko da hanyar banɗaki aka tambaye ki.

4. Guji tsofaffi. Nan Vasiti ta kwafsa. Hira ɗaya ta rage mata, malaminta na jami'a a birnin Suva ya ce in muryar da za ta ɗauka ba ta iso Juma'a ba, tallafin karatu ya tafi. Ta rasa wanda za ta zaɓa sai Bubu (wato Kaka) Salanieta, tsohuwar da ba mai zuwa dubiyarta.

Ta kunna rikoda. "Bubu, me kike so daga ma'aikatan jinya?"

"Kashe abin nan, 'yar nan. Da ƙarfe zan yi hira? Ungo matsefi, gyara mini kai."

Vasiti ta daskare. Kin dai san kan babba ba abin taɓawa ba ne a wurinmu. In ya miƙo miki da kansa, ta wane baki za ki ƙi? Ta ce "tulou" don neman gafara, ta kashe rikoda, ta shafo man kwakwa.

5. Kada ki saurara da gaske. Tana taje kai, Bubu na zuba: mijinta da teku ya ci, 'yarta da ke jinyar tsofaffin wasu can ƙasar waje a Brisbane, tsoron da take ji kada ta mutu da kai a cukurkuɗe. Duk abin da Vasiti ta yi watanni tana nema ya fito, ba ko kalma a rikoda. Mai bincike guda, sai ga ta tana sharɓar hawaye!

"Bubu, ko za ki maimaita in ɗauka?"

"Ke na faɗa wa, ba Suva ba."

Juma'a ta wuce, tallafi ya bi ta.

Gargaɗi: In kin bi matakan nan amma hannunki ya ci amanarki, ba ruwana. Kada ma ki kai ƙara wurin Vasiti, ba ta da lokaci. Duk tsofaffin ɗakin mata sun kafa mata layi, kowacce da matsefinta.