Rediyon Kujerar Gefe

"Lafiya lau, sai gajiyar zama a gefen direbar da ba ta iya fakin ba," in ji Kaka, yana miƙa hannu ga mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, a bakin shagonsa.

"Ka ji shi ko?" jikarsa ta ce tana rufe ƙofar mota. "Tsohon da aka ƙwace wa sitiyari ne yake ba da maki."

Shekara talatin da biyar Kaka ya yi yana tuƙi. Da idonsa ya fara dushewa, likita ya hana shi, ya miƙa wa jikar makulli ya koma kujerar gefe. Abu ɗaya ya rage masa a motar, rediyo. Shi ke kunnawa, shi ke neman tasha, shi ke rage murya in an shiga cunkoso. To, shekaranjiya rediyon ya mutu.

Mai wayarin ya ɗora rediyo guda biyu a kan benci, ya jona su da batir. Ɗaya gilashi ne sumul mai faɗin faranti, sai an taɓa shi da yatsa. Ɗayan ƙarami ne, da ƙaton abin murɗawa a gefe.

"Mai gilashin nake so," in ji ta. "Yana haɗuwa da waya, kuma in na sa ribas zai nuna mini baya."

"Ke da ba ki gama ganin gaba ba, wa ya aike ki baya? Amarya, ni na yi ribas da tirela a kan gada, ina gyangyaɗi."

"Shi ya sa har yau ake neman gadar."

"Da tari kaɗai nake tayar da inji."

"Yanzu kuwa tarin kai yake kwantarwa. Angona, wancan ƙaramin sa'anka ne, ku biyun duk kun sha jiki."

Mai wayarin ya duƙar da kai yana fere wayar da ba ta buƙatar fira.

Kaka ya gyara hula ya matso. Ya ƙudurta a ransa ba zai roƙi kowa ba, gilashi dai ai ba aljani ba ne. Ya ɗora yatsa. A idonsa haske ne kawai, fari da shuɗi sun cakuɗe. Ya shafa dama, ya shafa hagu, bai ji tudu ba bai ji kwari ba. Kiɗa ya ɓarke, ya nemi inda zai rage shi ya rasa. Ya janye hannunsa a hankali ya zura a aljihu.

"Santsi gare shi kamar bakinki," ya ce. "Babu inda mutum zai kama."

Jikar ta bi hannun da ya ɓoye a aljihu da kallo. Wannan kallon ya fi tsiyarta damunsa. Ya miƙa hannu ga ƙaramin, yatsunsa suka faɗa kan abin murɗawar. Ya murɗa kaɗan-kaɗan, kai a karkace, shuuu, shuuu, sai ga muryar mai karanta labarai tar.

"Wannan ma yana haɗuwa da waya," mai wayarin ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Kyamarar baya ce dai babu."

"Me zan yi da kyamara?" ta ce. "Ina da tsohon da ke ihun 'tsaya, tsaya' tun ban kunna mota ba. Kuma ba zan bari faratan nan nasa su karce mini gilashi ba."

"Ki dai ce kin sha kaye."

"Tausayi ne, kar a ce na bar mijina ba sana'a."

"Sai na jera muku tashoshin a maɓallai," in ji mai wayarin, yana ɗaukar sukundireba.

"Kul!" suka ce baki ɗaya.

Ta fashe da dariya, ta ɗauki rediyon ta danƙa wa Kaka a hannu biyu.

"Ungo, rigimamme. Nemo su da kanka."