Yaƙin Tanimu da Tsohuwar Kwamfuta

Da sunan Mai Sama muke buɗe tarihin Tanimu ɗan Ilu, jikan Barmo mai gyaran fitila, Sadaukin Layin Tasha, Garkuwan masu buga kati na Funtuwa, gwarzon da bai taɓa ja da baya ba sai in matarsa ta ɗaga murya.

A zamaninsa akwai wata kwamfuta a shagonsa, uwar nawa, wadda in an kunna ta da hantsi sai an kira azahar take buɗe ido. A cikinta kuwa katin bikin ɗiyar Hajiya Yalwa yake, ɗauke da sunayen ƙawaye saba'in da huɗu, waɗanda Hajiya ta kwana uku tana jerawa bisa daraja, don ko ɗaya aka tsallake gaba ce har kabari. Alhamis za a raba.

Ran Laraba sadauki ya ɗaura ɗamara. Ya zo da sabon faifan ajiya daga Kano, es-es-di ake ce masa, ɗan falale kamar biskit, an ce aljanin sauri ne. Ya zare sukundireba, ya yi kabbara, ya afka. Noti huɗu suka miƙa wuya, na biyar ya tsere ƙarƙashin benci. Gizo-gizo ya yi hijira da iyalansa. Jarumi ya tumɓuke tsohon faifai, ya rasa inda zai kafe sabon, ya ɗaure shi da igiyar buhun shinkafa, ya danna.

Kafin ya gama atishawa kwamfutar ta buɗe!

"Ku shaida, jama'a! Ni ne ɗan Ilu!"

Mai shayi ya buga cokali a kofi. Ana cikin wannan nasara mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya gitto da kurarsa, sai sarkin yaƙi, don ƙasƙantar da abokin gaba, ya miƙa wa mai gwangwan tsohon faifan, ya karɓi robar wanki shuɗiya ganima.

Bayan la'asar sai ga Hajiya Yalwa.

"Tanimu, nuna mini katina in ga ko ka sa Hajiya Turai a sama."

Ya duba. Sabon faifai fes, ko alif babu. Ashe ƙawaye saba'in da huɗu suna can cikin kura, sun nufi hanyar Zariya.

Waɗanda suka gani sun rantse mini har magariba yana zaga lunguna da takalmi ƙafa ɗaya, roba a hammata, yana kiran, "Mai gwangwan! Don girman Allah, mai gwangwan!"