Haƙorin Makkan Yakaka

"Lafiya lau, angon da bai san hanyar cefane ba. Yau kuma me ka kwaso?"

Yakaka ke nan, zaune a tabarma a gidanta na Nguru, tana amsa gaisuwar jikanta Zakir, direban motar Gashua. Tsohuwa ce mai ji da bakinta. Kullum cikin goro da furen taba yake, ja wur, ga haƙorin Makka yana walƙiya a gaba, wanda marigayi Malam, mijinta, ya sa aka saka mata a hajjinsu. To kwanan nan dasashin ya kumbura, haƙorin ya soma girgiɗi. Sai ta ƙara wa baki fure ta yi gum, don tsoron kada a cire mata shi.

Zakir ya dire sandar rake a gabanta.

"Amarya, ga toshi."

"Rake? Kakanka da turmin atamfa ya fara. Miƙo min wuƙa."

"Wuƙa? Ke da kike ɓare rake da baki tun jirgin ƙasa bai iso Nguru ba?"

"Ungo naka! Manyan mata ba sa ɓare rake."

Ya fere mata gaɓa ɗaya. Ta gatsa ta gefe, tana cije zafi don kada ja'irin ya samu abin faɗa. Da ta cire, farin raken ya rine ja.

"Fure ne," ta yi saurin cewa.

"Fure ba ya ɗiga, Kaka. Amma ni ina ruwana, gado na zo dubawa. Ranar da haƙorin nan ya faɗo, maƙeri zan kai wa ya yi wa budurwata zobe."

"Wace marar ido ce ta kalle ka?"

"Mai haƙora talatin da biyu, tana aswaki safe da yamma. Ke kuwa fenti kike yi wa naki, kamar tsohuwar motar da za a sayar."

Yakaka ta buɗe baki za ta rama, harshenta ya taɓa haƙorin, ya motsa. Duk abin da Malam ya bari an raba, wannan kaɗai ne nata.

"In na je asibiti, cirewa za su yi?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Na tambayi likitan haƙori a Gashua. Ya ce in an zo da wuri, dattin da ya daskare a gindin haƙori suke kankarewa, sai aswaki da kurkure baki da ruwan gishiri. In an jima kuwa, zobe."

Dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da hannu. Ta turo masa kwanon goro da furen.

"Ungo gadonka, mayunwaci. Ɗauko min mayafi, kuma gidan gaba zan zauna a motar taka har Gashua. Ka gaya wa budurwar taka ta nemi zobe a kasuwa. Wannan da shi za a kwantar da ni kusa da Malam."