Sifikar da Na Kawo wa Inna

Da idanun Inna suka yi rauni, na sayo mata sifika mai jin magana daga Gusau. Na ce daga yau baki kawai za ta buɗe, karatun Alƙur'ani ya tashi. Na tara maƙwabta a tsakar gidanmu na Gummi, na ture takardar bayani gefe, don ni na yi boko.

Na haɗa ta da wayata. Jar wuta ta kama a samanta, na ce alamar lafiya ce. Na gyara murya, na ba ta umarni da Turanci. Shiru. Na zargi sabis, har katanga na hau da waya a hannu. Daga azahar zuwa la'asar ina yi wa roba tsawa, maƙwabta suna zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta ce, "Miƙo min wagga aba in ji."

Tana shafa ta, yatsanta ya danna wani maɓalli, wutar ta mutu, sifika ta amsa. Ashe ni na toshe mata kunne tun wajen ciro ta daga kwali.

Yanzu idan matata ta kira ni ban amsa ba, sai Inna ta ce, "Shafa mai kai, ɗiyata. Ƙila shi ma an danne."