Sunan da Adda Asta Ta Faɗa Sau Ɗaya

Ranar Talata yayata Asta ta kwashe awa uku a bakin titin Moriki tana jiran motar Kaura, ni kuma ina gefe riƙe da ledar takardu. Babu mai a gari. An ce tankoki suna hanya, kuma na yarda, domin tun muna cikin jihar Sakkwato suka taso. Kabu-kabu kuwa an ce mata su daina hawa. Adda Asta dama ba ta taɓa hawa ba, saboda haka a nan ita ta riga doka.

Ga abin da ya fito da ita. Mijinta tsohon kofur ne, ya yi yaƙin basasa ya dawo da ɗingishi da akwatin ƙarfe guda. Bara Allah ya yi masa rasuwa, ya bar mata gona ɗaya a bayan gari wadda ƙasarta ta gaji, da jikoki uku masu cin tuwo kamar an aiko su. Sai aka yi shela cewa wata ƙungiyar taimakon juna ta tsofaffin sojoji ta buɗe ƙofa ga iyalai. Duk wanda aka rubuta, za a ba shi takin zamani kafin shuka. Wanda ba a rubuta ba, ya nemi kashin awaki. Talatar ce ranar ƙarshe, hadari ya fara haɗowa daga gabas, awakin Adda kuwa biyu ne.

Da ƙyar muka isa Kaura. Ofishin wani shago ne kusa da tashar jirgin ƙasa. An raba layi biyu, maza dama mata hagu, da labule a tsakani, tsari mai kyau ƙwarai. Sai dai duk layukan a gaban teburi ɗaya suke ƙarewa, wurin akawu ɗaya, Malam Muhtari, mai biro ɗaya. Na shiga layin maza don in riƙa jin abin da ake yi da ita. Wanda ke gabana, Gado mai faci, cikin minti biyu aka rubuta shi. Na tambaye shi wane soja gare shi. Ya ce matar ƙanen Uban Ƙungiya 'yar gwaggonsa ce. Na yi masa gaisuwar rashin da bai yi ba.

Dole in yaba wa Mai Girma Uban Ƙungiya, Bangon Marayu, wanda ya bauta wa ƙasa lokacin yaƙi ta hanyar kai wa bariki itacen girki. Shi da kwamitinsa sun gano cewa bara wani saje guda ya mutu ya bar mata goma sha ɗaya. Don maganin matan bogi, suka kafa doka: kowace mace sai ta ambaci sunan mijinta da bakinta a gaban akawu. Wannan basira ce. Matan bogin sun haddace sunayen tsaf, ina jin su ta bayan labule suna rangaɗawa har da sunan kaka. Matar gaskiya ce kaɗai dokar ta kama.

Domin Adda Asta, shekara talatin da huɗu da aure, ba ta taɓa furta sunan mutumin nan ba. Haka uwarmu ta yi, haka kakarmu ta yi a ruga. "Shi" take cewa, ko "mai gidan ga". In ranta ya ɓaci ta ce "wancan". Maƙwabcinsu mai irin sunan, har ya yi furfura "Mai Suna" take kiransa. Ba tsoro ba ne, don na sha ganin ta tsare kofur da faɗa har ya ɗauki butarsa ya bar gidan. Kunya ce, kuma ita ce girman da ta ba shi.

"Inna, sunan mai gidanki?" in ji Malam Muhtari.

"Yana nan cikin takardag ga."

"Na gani. Da bakinki aka son ji."

Sai Adda ta karanto masa lambar kofur ta soja tun daga farko har ƙarshe, ba gargada. Ta faɗi bataliyarsa. Ta faɗi ƙafar da harsashi ya shiga. Ta nuna tashar jirgi da haɓa ta ce a nan ta tarye shi ranar da ya dawo, yana wari kamar tsohon buhu.

"Inna, lamba ba suna ba ta."

Na ɗaga murya ta bayan labule. "Malam akawu, ni ƙanenta na, Labbo. Bari in hwaɗi."

"Kai ne matatai?" in ji akawu.

Layin maza ya fashe da dariya, har da Gado mai faci, sabon maraya.

Adda ta ja jiki ta koma gindin dogonyaro ta zauna. Aka yi azahar, aka yi la'asar, tana nan. Ina ganin idonta a kan hadarin gabas, na san lissafin da take yi: rumbu ya kusa ƙasa, gonar nan in ba taki ko irin da aka zuba ba za ta mayar ba. Tausayinta ya kama ni, haushi kuma ya fi tausayin yawa.

"Adda, kalma guda ta. Shi kansa da yana da rai, cewa zai yi ki hwaɗi."

"Da yana da rai, Labbo, mi zai kawo ni nan?"

Na tashi na koma layin maza.

Ana shirin rufewa ta miƙe. Ta je gaban teburi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta buɗe baki ke nan sai ga hon a waje. Mai Girma Uban Ƙungiya ne ya iso a doguwar motarsa, wadda alama ta nuna tankokin nan sun biya ta gidansa. Malam Muhtari ya zabura har kujera ta faɗi, ya yi waje yana "Ranka ya daɗe! Sannu da hanya!"

A daidai lokacin ta faɗi sunan. A hankali, ga kujerar da ba kowa. Ni na ji, labule ne kawai tsakaninmu. Ban taɓa jin sunan nan ya yi nauyi haka ba, har sai da na share ido da hula.

Bayan minti goma akawu ya dawo yana haki, ya tayar da kujera, ya ɗauki biro.

"To Inna, mi kic ce? Ban jiya ba. Sake."

"Na hwaɗi."

Na ce, "Wallahi ta hwaɗi, ni shaida na."

"Kai ba ɗan kwamiti ba na. Inna, sake mana, lokaci ya tahi."

Adda ta dube shi, karon farko tun safe. Ta miƙa hannu ta ɗauke takardar sallamar kofur, ta linke ta yadda take, ta sa a leda.

"Tashi mu tahi, Labbo. Kar ruwa ya tare mu."

Ruwan ya sauka ranar Alhamis. Adda ta yi shuka da abin da awakinta biyu suka samar, kuma ina shaida dabbobin nan sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Na ji kwamiti ya zauna ya yaba wa kansa, an ce bana babu matar bogi ko ɗaya da ta shiga.

Mai karatu zai lura ni ma ban rubuta sunan ba. An faɗe shi sau ɗaya a Kaura, ranar Talata bayan la'asar, wanda aka ɗauka aiki don ya ji kuwa yana waje yana buɗe ƙofar mota.