Haɗin Ƙamshi da Hancin Aro

"Lafiya lau na kwana, tunda ba a gidanku na kwana ba. Karkaɗe ƙafarka, ɗan rahoto, kada ka kwaso mini ganye."

Da wannan Verna Hutchins ta tarbi jikanta Emmett a ƙofar kicin. A ƙauyenmu na jihar Vermont a Amurka, da zarar ganye ya yi ja ya fara zuba, kowane gida sai ya ɗauki ƙamshin kek ɗin kabewa, kuma kowa ya san na Verna ba shi da na biyu. Bana kuwa allon dillali na sayar da gida ne kafe a ƙofar gidanta. Kwanakin baya tukunya ta kama da wuta a kicin, ita tana falo a zaune ba ta sani ba. Emmett ne ya tarar da hayaƙin, shi ne kuma ya buga wa ubansa Russell waya. Russell bai yi shawara da kowa ba, ya sa gidan uwarsa a kasuwa, ya samo mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Yau ya aiko Emmett da kwalaye ya kwashe kayan kicin.

"Kaka, gaisuwa na yi, ba faɗa na kawo ba."

"Na ga abin da ka kawo. Wanne ne kwalina? Ka auna tsawona tukun, kada ƙafata ta leƙo waje a hanya."

"Ke ai ko a kwalin takalmi sai ki shige, har a samu wurin sa kyanwarki. Kullum ƙara motsewa kike kamar tuffar da aka manta a bayan firji."

"Gara ni na motse. Kai ka yi ta tsawo, hankalin ya maƙale a gwiwa."

Emmett ya jingine kwalayen, ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihun rigar sanyinsa ya ajiye a tebur.

"Ga tsaraba. Na san ba za ki bar gidan nan ba sai kin gasa kek. Haɗin ƙamshin kabewa ne, daga kanti, an gama komai, zubawa kawai za ki yi."

Verna ta ɗaga kwalbar da yatsa biyu kamar mai ɗaga mushen ɓera.

"Wannan ƙurar? Sharar da suka share a ƙasan masana'anta suka ɗura wa malalata irinka? Gidana kuka sayar, Emmett, ba mutuncina ba. Sauko mini da turmi. Yana can sama, inda tsawon naka zai yi rana."

Ya sauko da ɗan turmin dutse da taɓaryarsa. Ta jero kwalabenta a tebur, tsofaffi, babu wadda aka rubuta wa suna. Verna ba ta taɓa rubutu a jikin kwalba ba, da hanci take gane kayanta. Ta kakkarya itacen kirfa ta watsa a turmin.

"Daka. Da ƙarfi. Haka kake gyaran motocin mutane? Shi ya sa rabin garin nan suka koma tafiya da ƙafa."

"Kirfar taki ce ta girme ni. Ina jin tun jirgin ruwan da ya kawo kakanninmu aka saye ta."

"Ta girme ka, ta kuma fi ka amfani. Da wannan haɗin na taɓa sa fasto ya katse wa'azi. Iska ta kwashi ƙamshin daga tagar nan har coci, mutumin ya rufe littafi ya ce a tashi."

"Ni kuma Kakana Orrin ya ce mini wa'azin ne ya ƙare, ke kika makara."

"Kakanka da ya ɗanɗana kek ɗina sau ɗaya, ya zo da zoben neman aure washegari?"

"Ya ce tsoro ne ya kawo shi. Wai kin tsaya a kansa da wuƙar yanka kek."

"Ya yi shekara hamsin yana jin tsoron, kuma bai taɓa barin ko ɓurɓushi a faranti ba. Kai fa? Ina yarinyar nan mai jan gashi? Ta ci girkinka ta gudu ko?"

"Hotonki na nuna mata, na ce haka matan gidanmu suke komawa."

Verna ta yi tsaki, amma gefen bakinta ya motsa. Ta miƙa masa gyaɗar ƙamshi da magogi, ya goga, ta ƙirga kanumfari a tafin hannu ta zuba masa ya dake. Sannan ta jawo wata kwalba mai gari fari-fari, ta buɗe, ta kai hanci, ta gyaɗa kai.

"Saura citta. Ita ce ke tashin sauran daga barci."

Ta cika cokali, ta kai bakin kwano. Emmett ya riƙe mata hannu.

"Kaka. Tafarnuwa ce."

"Sakar mini hannu."

"Garin tafarnuwa ne. Daga nan nake jin warinsa."

"Gwada ka nake, in ga ko kana da hanci."

"Kin cusa hancinki a ciki, kin gyaɗa kai. Ina kallonki."

Ta mayar da garin cikin kwalba a hankali, ta rufe, ta ja kujera ta zauna. A waje iska tana kaɗa allon dillalin yana ƙara.

"Tun murar da na yi da sanyin bara," in ji ta, "hancin ya tafi bai dawo ba. Kofi, fure, sabulu, duk ɗaya suke da ruwan famfo."

"To ran nan, tukunyar..."

"Ban manta da ita ba. Na ɗora, na zauna ina jira ƙamshi ya kira ni, kamar yadda yake kirana tun kafin a haifi ubanka. Bai kira ba."

"Ƙararrawar da ke kuka in hayaƙi ya tashi fa?"

"Na cire mata batir tuntuni. Ta cika surutu, kamar uwarka."

"Kaka, Baba fa ya ɗauka kanki ne ya fara juyewa! Abin da ya gaya wa likita ke nan. Me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Kai ka ga hayaƙi, ka ruga ka buga waya. Ubanka ya ajiye waya, ya kira dillali. Ku duka kun yi ta magana a kaina a cikin falon can, ina jin ku ta bango. Babu wanda ya ja kujerar nan ya zauna ya ce, Mama, me ya faru?"

Emmett ya sunkuyar da kai.

"Na tsorata ne. Da na buɗe ƙofa ban ga komai ba sai baƙi. Na ɗauka gawarki zan tarar."

"Da ka huta da kwalaye da yawa. Akwatin gawa guda ɗaya ya isa."

"Kada ki faɗi haka."

"A gidana nake, har yanzu dai. Zan faɗi abin da na ga dama."

Ya laluba aljihu ya fito da waya. "Bari in kira shi yanzu. In ya ji hanci ne ba kai ba..."

"Mayar da abin nan. An riga an sa hannu. Waɗanda suka sayi gidan sun zo jiya da abin awo, matar tana tsaye inda kake tana cewa za su rushe bangon nan, wai kicin ɗin ya yi duhu. Ta ce mini in yi haƙuri. Na ce ai ba ni za ki rushe ba, an riga ki." Ta goge tebur da gefen hannu, ko da yake babu abin gogewa. "Kuma in ka gaya wa ubanka, me zai ce? Zai ce tsohuwar da ba ta jin hayaƙi ba ta zama ita kaɗai. Kuma ya yi gaskiya. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Russell bai taɓa yin gaskiya ba sai a kan wannan."

Sai ta buga tebur da cokali.

"To me ka tsaya kana kallona kamar saniya a bakin shinge? Matso da hancin nan. Allah ya ba ka shi kamar bututun hayaƙi, yau dai ya biya kuɗin abincin da ya sa aka ci. Nemo mini citta."

Ya bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa, ya yi atishawa a kan ta barkono, ta ce Allah ya ƙara. Da ya samo cittar ta zuba, ta juya, ta tura masa kwanon.

"Me ka fara ji?"

"Kirfa."

"Ko jariri ya san wannan. Bayanta?"

"Wani abu mai ɗan yaji, yana kama maƙogwaro."

"Citta ke nan. Kanumfari fa?"

"Ya yi yawa. Kamar ɗakin likitan haƙori."

"Ƙarya kake. Hannuna bai taɓa wuce ƙima ba."

"Hannunki bai wuce ba, amma ni ne mai hancin. Ko in tattara shi in tafi gida?"

"Ji ɗan banza, ya samu sarauta." Ta ƙara kirfa, ta ɗan goga gyaɗar ƙamshi a kai, ta sake juyawa. "Yanzu fa, ranka ya daɗe?"

"Saura kaɗan. Cittar ta ɓuya."

Ta ƙara da bakin cokali. Ya sunkuya ya ja numfashi, sai ya tsaya, bai ɗago da wuri ba.

"Ka mutu ne a ciki?"

"Shi ne," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Haka gidan nan yake ranar Bikin Godiya na kaka, in dangi sun taru cin abinci. Ina ƙarƙashin teburin nan, Kakana yana miƙo mini ɓawon kek a ɓoye."

"A ɓoye a wurin wa? Ni nake yanka ɓawon da kauri saboda ku, ɓarayi biyu."

Ta tsura wa kwanon ido. Ta kai shi hancinta ita ma, ta ja, ta sake ja, sannan ta ajiye. Emmett ya kau da kai, ya yi kamar yana neman wani abu a cikin kwali.

Suka dama kabewar da ƙwai da madara da sukari, ta zuba haɗin, ya tura farantin cikin murhun gashi. Ta sa shi ya zauna a gabansa, ta ce kada ya motsa sai hancinsa ya ce ya nuna. Ita kuma ta wanke wata kwalba, ta goge ta tas, ta ɗura sauran haɗin, ta ɗaure murfin, ta dangwara a gabansa.

"Ungo. A gidan tsofaffin can ba a barin mutum ya ƙyasta ko ashana. Abinci a faranti mai murfi ake kawowa, kamar a asibiti."

"Ki riƙa zuwa gidana kina gasawa. Zan ɗauko ki duk Lahadi."

"A murhunka da ka mayar ma'ajiyar takalma? Kuma na san Lahadinku. Ta farko za ka zo, ta biyu mota ta lalace, ta uku ka aiko da kati."

"Zan zo, Kaka."

"Za mu gani. Kada ka ba uwarka ko ƙwaya, za ta zuba a miya."

Ya sa hannu zai ɗauki kwalbar, sai ta fizge, ta sake buɗewa. Ta ɗebi garin da yatsu uku, ta je inda babbar rigar sanyinta take rataye, wadda za ta sa ranar tafiya, ta barbaɗa a cikin aljihu, ta shafa sauran a wuyan rigar.

"Kaka, me kike yi? Ba fa za ki ji shi ba."

"Ni ba zan ji ba. Amma tsofaffin can masu cin abinci mai murfi za su ji. Tun daga ƙofa nake so su san wadda ta shigo."

Emmett ya yi dariya har ya kifa kai a kan tebur, da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Kin ci, tsohuwa. Na sallama."

"Na sani," in ji Verna, ta tura masa kwalbar. "Goge hancin, ba naka ba ne kai kaɗai yanzu."