Yadda Tunau Ya Haɗa Gem da Allo

Ku gyara zama, ga wata ta kwanan baya. A Unguwar Ɓaure, bayan tsohuwar rijiya, akwai gidan wata dattijuwa da ake kira Inna Tabawa. 'Ya'yanta uku ne, duk maza: Haladu ɗan fari, sai Isiyaku, sai autansu Tunau. Shi Tunau ba mahaukaci ba ne, kuma ba shi da ƙiwuya. Halinsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ya leƙa bayanta. Har ya yi gemu bai sake ba.

A shekarun da aka jawo wa garin lantarki, Haladu da Isiyaku suka sayo na'urar gem da wata tsohuwar talabijin, suka ajiye a zaure. Da an yi la'asar zauren nan zai cika da samari, ana buga ƙwallo a talabijin, ana ihu, ana yi wa wanda aka ci tsiya. Inna tana tsakar gida tana faɗan an hana ta jin kiran salla, amma kullum sai ta aiko musu da dafaffiyar gyaɗa. Ran nan wuta ta zo da ƙarfi, talabijin ta yi hayaƙi. Haladu ya ce Isiyaku ne ya bar ta a jone, Isiyaku ya ce Haladu ne. Magana ta yi tsami har aka tono abin da bai shafi talabijin ba. Haladu ya koma bakin tasha ya buɗe shagon gyaran waya, Isiyaku ya yi ɗakinsa can gefen gona. Shekara da shekaru ko gaisuwa babu. Zaure kuwa kaji suka gaje shi.

Wata rana, bayan ƙafa ta fara gagarar Inna, ta zauna tana kallon ƙofar zauren. Ta ce, "Ni dai da zan sake jin hayaniyar nan ko sau ɗaya kafin in tafi, da na gode wa Allah."

Tunau ya ce, "Ina za ki, Inna?"

"Inda kowa ke zuwa."

Tunau ya ɗauka kasuwa take nufi, ga shi kuwa ranar kasuwa ta kusa. Ya yi maza ya zaro gem ɗin daga ƙarƙashin gado, ya kaɗe ƙura, ya kai wa Jibo mai gyaran rediyo. Jibo ya jujjuya shi ya ce, "Da ransa. Talabijin ce babu, amma ko allo ka samu zai yi." Tunau ya dawo gida ya lalubo allonsa na makaranta, ya wanke shi tas, ya jingina a bangon zaure, ya ajiye gem a gabansa. Ya zauna yana jiran 'yan ƙwallo su fito har rana ta take. Da ya koma ya ce wa Jibo allon ya ƙi nuna komai sai ragowar tawadar Malam, Jibo ya yi dariya har ya ƙware. Ya jawo wani tsohon allon kwamfuta mai ƙaton ƙeya daga ƙarƙashin tebur, ya ce, "Irin wannan nake nufi. Na ara maka. Je ka haɗa su."

Wata rana da sassafe Tunau ya tashi haɗa su. Ya duba gidan bai ga igiya mai ƙwari ba sai ta wuyan akuya, ya kwance. Ya rungumo gem da allo, ya yi musu ɗauri irin na buhun gero, har da ƙulli biyu. Kafin ya gama yaba aikinsa akuya ta gama da shanyar kuɓewar Inna.

Inna ta ce, "Auta, wa ya saki akuyar nan?"

"Ba sakinta na yi ba, Inna. Aron igiyarta na yi."

Jibo da ya ji labari ya dafe kai ya ce, "Ba da igiya ba, Tunau. Da waya ake haɗawa."

Wata rana kuma Tunau ya karɓi wayar Inna, ya shiga maƙwabta ya aro ta Lantana mai ƙosai. Ya kira wannan da waccan, ya ɗora ɗaya a kan gem, ɗaya a kan allo. Ya ce, "To, ga ku ga juna. Ƙaramin shi zai fara gaisuwa." Shiru. Ya yi lallashi, ya yi nasiha, har caji ya ƙare. Da ya mayar wa Lantana wayarta ta tambaye shi ko an samu wanda ake nema. Ya ce, "An samu, amma suna gaba da juna." Inna tana jin haka daga ɗaki ta juya fuskarta bango.

Wata rana Jibo ya zazzage jakar gem ɗin, ya nuna masa wayoyin da ake nufi, ya ce ya jona su sannan ya ba su wuta. Allah ya sa Inna ta fito alwala, ta ga Tunau ya nufi zaure da kasko cike da garwashi. Ta daka masa tsawar da rabon a ji irinta tun tana da ƙarfi. Ta ce, "Wuta ta ci ɗaya ta raba min 'ya'ya, kai kuma za ka ƙara mata?" Tunau ya mayar da kaskon murhu yana mamakin yadda mutane ke sa ka abu, in ka yi kuma su yi fushi.

Wata rana dai Jibo ya gaji, ya rufe shago ya biyo shi. Ya ɗaga wayar gem, mai kai uku, ja da fari da rawaya. Ya leƙa bayan allo, ya ga bakinsa shuɗi ne mai ƙananan huji. Ya ce, "Ka ga matsalar. Bakinsu bai zo ɗaya ba. Kowa da irin maganarsa. Sai an samo mai shiga tsakani." Wani ɗan akwati yake nufi, wanda masu gyara ke ce wa kwanbata, amma kafin ya kai nan aka leƙo aka ce ana jiransa a shago.

Tunau kuwa a duniya mai shiga tsakani ɗaya ya sani: Kawu Barau, yayan Inna, wanda in ya yi magana ba a mayar masa. Ya same shi a gindin dalbejiya yana gyaran akaifa, ya durƙusa ya ce, "Kawu, a gidanmu akwai biyu da bakinsu bai zo ɗaya ba. Na gwada waya, sun ƙi magana. An ce sai kai."

Kawu ya ajiye aska. Ya daɗe yana jiran a kira shi kan maganar yaran nan, ita kuwa Inna kunyar ɗan fari ta hana ta kai masa ƙarar Haladu. Ya ce, "Uwarku ta san ka zo?"

"Ita ce ta ce tana so ta ji hayaniyarsu kafin ta tafi."

Kawu bai ƙara tambaya ba. Ya ɗauki sandarsa, ya aika a ce wa Haladu da Isiyaku yana nemansu a zauren ubansu bayan la'asar.

Suka zo, kowa fuska a ɗaure. Haladu ya zauna kusurwar gabas, Isiyaku ta yamma. Kawu ya gyara murya zai fara, sai Tunau ya kamo hannunsa ya ce, "Ba nan ba, Kawu." Ya zaunar da shi a tabarma tsakanin gem da allo, ya danƙa masa wayar wannan a dama, ta wancan a hagu. Ya ce, "Ga su nan. Shiga."

Kawu ya dubi hannayensa, ya dubi Tunau. Isiyaku ya cije leɓe, dariya ta ƙwace masa ta hanci. Haladu ya so ya daure, ya kasa. Da ya share hawaye ya matso ya duba wayoyin, ya ce wa bango, "Ina da kwanbata a shago."

Isiyaku ma ya ce wa bango, "Ko an kawo ba zai tashi ba sai an kifa shi. Tun da can haka yake."

"Ka tuna ke nan."

"Ni da nake kifa maka shi, Yaya, in ci ka uku da nema?"

Kawu ya ce, "Ni dai a karɓi abin nan daga hannuna kafin ya ja ni."

Aka kawo kwanbata, aka jona, aka kifa gem. Allo ya yi ƙifta-ƙifta, sai ga koren fili, ga 'yan ƙwallon nan na da, ko tsufa ba su yi ba. Amma babu sauti, don allon ba shi da lasifika. Tunau ya damu ƙwarai. Ya ce, "Har yanzu bai yi magana ba, Kawu."

Kawu ya ce, "Bar shi. Waɗanda ake so su yi sun fara."

Da yake allon bebe ne, dole su suka yi masa surutun. Haladu yana cewa ba a taɓa cin wannan sai da maguɗi, Isiyaku yana cewa a kawo wa tsoho tabarau. Samarin zauren na da, waɗanda yanzu duk iyaye ne, suka ji ihu daga hanya suka fara leƙowa suna tuɓe takalma. Kaji suka nemi wani wurin.

Tunau ya ruga tsakar gida ya ce, "Inna, ga hayaniyar. Yanzu sai ki tafi."

Inna tana goge ido da bakin zane ta ce, "Na fasa, Auta. Ɗora tukunya, ka wanko gyaɗa."

Ƙurunƙus. Iyakar tsawon wayar ke nan.